Finafinan Sin Masu Dogon Zango: Daɗinsu a Habaici Yake

Duk wanda ya tashi a zamanin gidajen kallon bidiyo, in ka ce masa fim ɗin Chanis, hoto ɗaya zai faɗo masa a rai: tsoho mai farin gemu har ƙirji, saurayin da aka kashe wa malami, shekara uku ana ɗibar ruwa ana hawa dutse, sannan a dawo a rama. Ko kalma ɗaya ba ma ji, kuma ba mu taɓa jin an cuce mu ba, don hannu da ƙafa ne ke magana. Yawancinsu ma daga Hong Kong suke fitowa, amma a wurinmu duk Chanis ne. Da wannan tunanin na girma, kuma da shi na zauna har kullen korona na 2020, lokacin da yaron da ke tura finafinai a bakin layinmu ya cika mini waya da wani fim mai kashi 76, ya ce, "Malam, wannan babu faɗa, amma in ka fara ba za ka yi barci ba." Na ɗauka cika bakin mai talla ne. Ashe gaskiya ya faɗa.

Tun daga nan na kalli da dama: na tarihi, na binciken kisa, da ɗan abin da na iya jurewa na barkwanci. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne, finafinan Sin sun fi daɗi a inda marubuci yake zagaye hukuma yana faɗin abin da ba a yarda a faɗa ba, kuma sun fi rauni a inda hukuma ta karɓi alƙalamin ta ƙarasa masa labarin. Mu da muka tashi cikin habaici da gugar zana, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba.

Fim ɗin da yaron ya tura mini shi ne Zhen Huan, na 2011, wanda a Turance aka sa wa suna Empresses in the Palace. Labarin wata yarinya ce da aka kai fadar Sarki Yongzheng, wanda ya yi mulki daga 1722 zuwa 1735, ta shiga cikin tarin matansa da ƙwaraƙwaransa. Da mahaifiyata muka kalle shi, ni ina karanta rubutun fassarar da ke ƙasan allo ina mayar mata da Hausa. Ba mu yi nisa ba na gane wahalar banza nake yi a wasu wuraren. Akwai wata mowar sarki mai ɗagawa da tsawa, wadda kowa ke tsoro, ni kuma na sa ta a matsayin muguwar fim ɗin. Hajiya ta girgiza kai.

"Kai yaro ne. Mai hayaniya ba ta kisa. Waccan uwargidan mai murmushi, mai cewa kowa ƙanwata, ita za ka sa wa ido."

"Hajiya, ai ita ce ke raba su faɗa."

"To, zauna nan."

Sai da aka ci kashi masu yawa kafin fim ɗin ya tabbatar da maganarta. Ba ta jin Sinanci, ba ta jin Turanci, amma ta tashi a gidan mata huɗu.

Abin da ya girgiza mu duka biyu shi ne zancen turaren. Sarki ya sa an haɗa wa mowar tasa wani turaren wuta na musamman, ita kaɗai aka yarda ta ƙona shi a duk fadar, tana taƙama da shi tana yi wa sauran gori. Ashe an cakuɗa shi da abin da ke hana ɗaukar ciki, kuma da sanin sarkin aka yi, saboda yayanta Nian Gengyao babban kwamandan yaƙi ne, sarki na tsoron kada ta haifi ɗa namiji gidansu ya fi ƙarfinsa. Likitocin fada sun shinshina sun gane, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. A nan na fahimci cewa kishi a fim ɗin nan riga ce kawai. Matan suna cinye junansu, amma wanda ya shirya filin, ya raba musu wuƙaƙen, ya koma gefe yana jan carbi, shi ne mai gidan. Shi ya sa matasan ma'aikata a Sin suke kallonsa kamar littafin koyon zaman ofis: wa za ka gaisar, yaushe za ka yi shiru, me ake nufi in shugaba ya yabe ka a gaban mutane.

Hukuma ma ta gane. A 2018 aka fitar da Story of Yanxi Palace, kashi 70, labarin wata mai ɗinkin surfani da ta shiga fadar Sarki Qianlong don gano wanda ya kashe yayarta. Ya yi tashen da a shekarar ya zama shirin talabijin da aka fi nema a Google a duniya, alhali Google ɗin a toshe yake a cikin Sin. A watan Janairun 2019 wata jaridar gwamnati a Beijing ta yi rubutu tana sukar finafinan fada, wai suna koya wa jama'a makirci da son ƙawa da ɗaukaka sarakuna. Nan da nan tashoshi suka sauke su. In da a ce labarin kishiyoyi ne zalla na shekara ɗari biyu da suka wuce, me zai tsone wa wani ido?

Wannan tsoron yana da asali. A farkon shekarun 1960 wani masanin tarihi, Wu Han, wanda kuma mataimakin magajin garin Beijing ne, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Hai Rui, wani jami'in daular Ming da aka tuɓe saboda faɗin gaskiya. A Nuwamban 1965 aka buga sharhi ana cewa ai gugar zana ce ga Mao, jagoran Sin na lokacin, wanda ya kori ministan tsaronsa Peng Dehuai a 1959 don ya soki manufar da ta jefa ƙasar cikin yunwa. Wannan sharhin yana cikin abin da ya kunna wutar juyin juya halin al'adu, wato guguwar siyasar da Mao ya tayar a ƙasar, shi kuwa Wu Han a kurkuku ya mutu a 1969. Saboda haka duk marubucin Sin da ya ɗauki alƙalami zai yi rubutu a kan wani tsohon sarki, ya san a kan wace ƙasa yake tafiya. Sinawa ma suna da karin maganar da ke cewa a nuna wata bishiya a zagi wata. Mu kuma mukan yi wa bango magana don mai ɗaki ya ji.

Shi ya sa nake ganin Ming Dynasty 1566, na 2007, shi ne gwarzon duk waɗanda na kalla. Hai Rui ɗin dai ne ya sake dawowa. Kuɗin baitulmali sun ƙare ƙaf, sai manyan fada suka yanke shawarar a tilasta wa manoman lardin Zhejiang su daina shuka shinkafa su koma shuka bishiyar da tsutsar siliki ke ci, don a sayar wa baƙi alharini a cike giɓin. A takarda dabara ce mai kyau. A ƙasa kuwa, da manoma suka ƙi, sai jami'ai suka fasa madatsun ruwa da gangan, gonaki suka nutse, yunwa ta sa talaka ya sayar da gonarsa a wulaƙance ga attajiran da ke da uwa a gindin murhu. Marubucin ne ya ƙirƙiri wannan manufar, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake karɓe gona da sunan ci gaba zai gane fuskarta. Sarki Jiajing kuma yana can cikin ɗakin ibadarsa, shekara sama da ashirin bai zauna zaman fada ba, yana magana cikin baitoci masu harshen damo, ta yadda in abu ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci na wanda ya fassara ne. Hai Rui sai da ya sayi akwatin gawarsa kafin ya aika wa sarki takardar da ke cewa matsalar ƙasar nan kai ne. Fim ɗin bai samu masu kallo sosai ba da ya fito, ya yi kusan shekara goma a ajiye kafin a sake fitar da shi a 2017. Yau yana sahun farko a Douban, shafin da Sinawa ke ba finafinai maki. Ina gargaɗin mai karatu: babu soyayya, babu tashi sama, tsofaffi ne cikin manyan riguna suna lissafin kuɗi. Hajiya kashi biyu ta yi ta ce a mayar mata da matanta.

Kada a ɗauka ina yabon takunkumi. Na sha jin masu cewa matsi ne ke haifar da fasaha, kuma maganar takan fito ne daga bakin wanda ba a taɓa matsa wa ba. Ga kowane labari da ya sulale ta ƙarƙashin ƙofa, Allah kaɗai ya san nawa aka binne. Kuma ko waɗanda suka fito, za ka ga tabon a jikinsu, musamman finafinan bincike da 'yan sanda.

Ɗauki In the Name of People na 2017. Farkonsa ba ya mantuwa. Masu bincike sun je gidan wani matsakaicin jami'i, suka tarar da shi a tsohon ɗaki yana cin taliya da tafarnuwa, mutumin da ke zuwa aiki a keke. Daga baya aka kai shi wani katafaren gida da ya ɓoye, aka buɗe firij kuɗi, aka ɗaga katifa kuɗi, bango guda kuɗi, sama da yuan miliyan 230. Ya durƙushe yana kuka yana cewa ko sisi bai taɓa ba, shi ɗan manomi ne, tsoron talauci ne. A watan Afrilun shekarar ne EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, don haka ba sai an yi mana dogon bayani ba. Amma da ka ci gaba sai ka ga iyakar igiyar. Da hannun ofishin babban mai gabatar da ƙara na ƙasar aka shirya fim ɗin. Ɓarna tana da yawa, amma kullum maganinta daga sama yake saukowa, kuma babban ɓarawon da ya fi kowa muƙami sunansa kawai ake ji, ba a taɓa nuna fuskarsa ba.

The Knockout na 2023 ya faɗa irin wannan ramin ta wata hanyar. An so a nuna jarumtar ɗan sanda, sai jama'a suka bi mai laifin: wani mai sayar da kifi a kasuwa da 'yan daba suka wulaƙanta saboda rumfa, ya fara da neman kare kansa, ya ƙare da mallakar gari. Kashi ashirin na farko suna nuna maka dalla-dalla yadda mutumin kirki ke ruɓewa in ya gane doka ba ta san da zamansa ba. Zuwa ƙarshe sai labarin ya fara tuntuɓe, har masu kallo a can suka lura cewa a wasu wuraren motsin bakin 'yan wasa bai dace da maganar da ke fita ba. A irin waɗannan finafinai dole mai laifi ya shiga hannu, in ma labarin bai kai shi can ba, farin rubutu a baƙin allo zai kai shi. Abin ya kai ga a 2022 wani dandalin kallo na Sin ya yanke ƙarshen fim ɗin Amurka Fight Club, ya maye gurbinsa da rubutu cewa 'yan sanda sun kama kowa. Sai da aka yi ta dariya a duniya kafin a mayar.

Masu wayon cikinsu sun koyi ba hukuma ƙarshen da take so, su bar wa mai kallo wani a ƙarƙashi. The Bad Kids na 2020, kashi 12 kacal, ya buɗe da wani malamin lissafi mai ladabi yana gyara wa surukansa tsayuwa a kan dutse zai ɗauke su hoto, sai ya tura su. Wasu yara uku da ke wasa da kyamara suka ɗauki abin ba da niyya ba, kuma maimakon su kai wa 'yan sanda, suka yanke shawarar su nemi kuɗi a wurinsa. A sama, komai ya ƙare lafiya. Amma fim ɗin ya yi ta nanata maka cewa kowane labari yana da tatsuniyarsa yana da gaskiyarsa, ka zaɓi wadda za ka iya barci da ita. Sai da na koma baya na sake kallon kashi biyun ƙarshe, na lura da wa ke magana da wa, wa kuma babu mai kallonsa, sannan tsigar jikina ta tashi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne The Long Season na 2023. Sunansa binciken kisa, amma gawar da ake bincike ta gari ce. Wani gari ne a arewa maso gabashin Sin da ya rayu a kan masana'antar ƙarfe, aka zo ƙarshen shekarun 1990 aka sallami ma'aikata, kamar yadda aka yi wa miliyoyi a kamfanonin gwamnati a lokacin. Jarumin direban jirgin ƙasan masana'antar ne, mai alfahari da cewa ubansa na cikin waɗanda suka kafa ta, sai ga shi a 2016 tsoho yana tuƙa tasi yana neman sanin yadda ɗansa ya mutu. Ina kallonsa ina ganin wani kawuna da ya yi aiki a masaƙun Kakuri, wanda har ya rasu katin shaidar aikinsa na cikin aljihun gaban rigarsa. Abin mamaki, atamfar Sin mai araha na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun namu, ga shi kuma ɗan Sin ne ya ba ni labarin kawuna fiye da yadda wani namu ya taɓa ba ni.

Barkwancinsu kuwa, gaskiya ban ci ribarsa ba, kuma ba laifinsu ba ne. My Own Swordsman na 2006, kashi 80 a cikin wani masauki, Sinawa suna haddace maganganunsa har yau. Na yi kashi biyar fuskata a murtuke. Daga baya na gane rabin dariyar a karin harshe take: mai masaukin da harshen Shaanxi take magana, wani da na arewa maso gabas, kowa da tsokanar da aka san mutanen garinsu da ita. Ka yi tunanin a ɗauki tsokanar Bakano da Bazazzagi, ko ta Bafulatani da Babarbare, a rubuta wa ɗan Shanghai ita da Turanci a ƙasan allo. Zai karanta, zai fahimci kowace kalma, ba zai ko murmusa ba. Dariyar da ta ƙetaro ta same ni ita ce wadda ke cikin finafinan baƙin ciki, irin ta tsofaffi ukun nan na The Long Season da ke bin sawun mai kisa suna gardama a kan wa zai biya kuɗin abinci. Ba mamaki, don Fan Wei da ya fito a jarumin da barkwanci ya yi suna.

Akwai abubuwan da ke ƙona mini rai ko da babu hannun hukuma. Jan labari na ɗaya. Da yake da yawan kashi ake sayar da fim, sai a riƙa jan zare, yarinya ta yi kashi uku tana shawarar ko ta buɗe wasiƙa. Har hukumar tasu ta gaji a 2020 ta ce kada a riƙa wuce kashi 40. Na biyu fuskokin nan da ake gogewa da na'ura har su koma kamar tangaran, jarumi ya fito daga filin yaƙi ko ƙura babu a girarsa. Waɗannan su suka fi yawa, kamar yadda tarkace ya fi yawa a kowace masana'antar fim, har da tamu.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne abin da ake zaɓo mana. Sin ba ta wasa da harshen Hausa. Gidan rediyonta na ƙasa da ƙasa yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963. StarTimes ta shigo Najeriya tare da NTA a 2010, tana kuma ɗora muryar Hausa a kan finafinan Sin. A gabashin Afirka an mayar da wani fim na suruka da matar ɗa zuwa Swahili, ya karɓu a Tanzaniya har shugaban Sin Xi Jinping ya ambace shi a jawabinsa a Dar es Salaam a 2013. Babu laifi a wannan, kowace ƙasa tana tallar kanta, Indiya ta yi shekara da shekaru tana zaune a falonmu ba mu ce komai ba. Amma mai talla mafi kyawun fuskarsa yake nunawa: samari a dogayen benaye, soyayya mai tsabta, jarumai masu tashi sama. Ban sa ran wanda ke son in ga ƙasarsa a goge zai ɗauko mini labarin ma'aikatan da aka sallama, ko na sarkin da ya bar talakawa suka nutse. In muna son waɗannan da Hausa, sai masu fassara namu na Kano da Kaduna, waɗanda suka riga suka ƙware a kan finafinan Indiya, su nemi izini ta hanyar da ta dace su ɗauko su da kansu. Kuma su bar labarin yadda yake, kada a cusa masa surutun da ba nasa ba don a ba da dariya, domin fim irin Zhen Huan rabin maganarsa a shirun yake.

Ina da dalili na son kai a wannan roƙon. Sau biyu ke nan muna maimaita kashi 76 ɗin nan da Hajiya, maƙogwarona ya gaji da zama sarki da uwargida da bābān fada a lokaci guda. Kwanakin baya matar ƙanena ta dawo daga Maiduguri ta kawo mata turaren wuta a kwalba, mai kyau ƙwarai. Hajiya ta karɓa ta yi godiya ta sa albarka, ta jira har yarinyar ta fita, sannan ta miƙo mini kwalbar tana danne dariya.

"Ungo, kai wa likitan fada ya fara shinshinawa."